Kowace Gora Da Shaidarta: Kira Ga Masu Zoɓo Da Kunun Aya A Ƙasar Arewa



Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Dogon Dutsi da tsakar rana cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya san cewa kafin mota ta gama tsayawa yara sun kewaye ta da bokitai da kuloli, wannan zoɓo, wancan kunun aya, ga ruwan tsamiya, ga lemun citta, duk a cikin gorunan roba masu sanyi. Haka abin yake a Kore Mairuwa da ke bisa babbar hanyar Yamai zuwa Ƙonni, haka yake a Tibiri da Gesheme da Matankari duk ranar da kasuwa ke ci. Sana'a ce da ta rufa wa gidaje da yawa asiri, da ita ake sayen cefane, da ita ake zubin adashe, da ita ake yi wa ƴan lakwal ɗinki.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne wani abu da ya faru da mu wata Juma'a, ranar kasuwar Dutsi. Mun taso daga aiki mu uku, muka sayi zoɓo gora uku a hannun wata yarinya. Biyu lafiya lau, amma ta ukun ana murɗa marfinta sai ta yi tsaki, kumfa ya taso, wari ya bugi hanci. Muka tambayi yarinyar yaushe aka yi shi, ta ce ita dai daga firigo ɗaya aka ɗebo mata duka. Muka bi ta har gida. Uwarta mutuniyar kirki ce, ta ba mu haƙuri, ta maido mana da kuɗinmu, sannan ta buɗe firigon a gabanmu. Goruna ne jere kusan sittin, kalarsu ɗaya, girmansu ɗaya, na yau da na jiya da na shekaranjiya duk sun gauraye. Ita kanta da ta dafa shi da hannunta ba ta iya nuna wanda ya riga wani ba. Ta rasa wanda za ta zubar, ta rasa wanda za ta bari.

Wannan baiwar Allah ba ƙazama ba ce, kuma ba maha'inciya ba ce. Abu ɗaya kawai ta rasa, shi ne shaida a jikin gora.

Shaida ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Idan aka ce a sa wa kaya shaida, wasu sai su ɗauka aikin kamfani ne ko na ƴan boko. Alhali kuwa mun daɗe muna yi. Ɗan kasuwar da zai loda wake ko albasa a babbar mota ba ya yarda buhunsa ya hau sai an rubuta sunansa a jiki. Makiyayi yana gane dabbarsa cikin garke da shaidar da ya yi mata. Ke kuma Inna, idan za ki ba da aron kwanoni gidan biki, ai sai kin ɗiga masu jan farce ko fenti a gindi domin kada su salwanta. To mene ne ya sa abin da mutane za su zuba a cikinsu shi ne muke bari babu ko ɗigo?

Ku ɗauki gwangwanin tumatir ko na madara a teburinku ku duba gindinsa. Bayan ranar da aka yi shi da ranar da zai lalace, za ku ga wasu lambobi, sau da yawa da kalmar LOT a gabansu. Wannan ita ce lambar rukuni, wato duk kayan da aka yi a zubi ɗaya lambarsu ɗaya. Hukumar tsara ƙa'idojin abinci ta duniya, wadda hukumomin abinci da na lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa a 1963, ta sanya wannan lamba cikin ƙa'idar da ta fitar a 1985 game da rubutun da ya kamata a yi a jikin abincin da aka rufe. Amfaninta shi ne, idan aka samu matsala, sai a janye wannan rukunin kaɗai daga kasuwa, a bar sauran. Tukunyar zoɓon da kika dafa yau da asuba ita ma rukuni ce, ta gobe kuma wani rukunin daban.

Me ke faruwa a cikin gora?

Abin sha mai sukari ba ya zama yadda aka zuba shi. Akwai ƙwayoyin halitta ƙanana da ido ba ya gani, suna cikin iska, suna jikin hannu da ludayi da mazubi. Wasu daga cikinsu, irin yis ɗin da ake kwaɓa fanke da shi, suna cin sukari su fitar da iska da kuma barasa. Wannan iskar ce ke kumbura gora har ta yi tauri, ita ce kuma tsakin da muka ji da aka murɗa marfi. Wasu ƙwayoyin kuwa tsami suke kawowa, wasu kuma su ne ke kawo zawo da amai. Idan suka samu ɗumi da abinci, wasunsu na iya ninkawa duk bayan minti 20, ke nan ƙwaya ɗaya tak na iya haura miliyan 2 cikin awa 7. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje, kuma abin da aka sa a sanyi ya zauna ƙasa da digiri 5.

A nan ƙasar Arewa an san dafa burkutu tun kaka da kakanni a gidajen da ke wannan sana'a. Masu yin ta suna jiƙa dawa ta tsira, su niƙa, su dafa, sannan su zuba ɗan ragowar tsohuwar giya a cikin sabuwa domin ta yi saurin tashi, kuma suna ƙidayar kwanakinta sarai. Abin lura a nan shi ne, matar da ta juye ragowar zoɓon jiya a cikin na yau don kada ta yi asara, ta yi daidai abin da mai burkutu ke yi, bambancin kawai ita waccan da niyya ta yi, ita kuma wannan cikin rashin sani. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Ƙidayar kwanan abin sha kuwa tana da asali a addini. Malamanmu sun sha karanta mana abin da Imamu Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas, cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) busasshen inabi a ruwa, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage bayan nan ba ya ƙara ajiye shi. To yaya mutum zai ƙidaya kwana uku idan bai san ranar farko ba? Kuma kada a ɗauka kowane abin sha yana kai kwana ukun. Kunun aya ya fi kowanne saurin lalacewa, a lokacin zafi ko wuni ba ya yi idan babu sanyi. Zoɓo da tsamiya sun ɗan fi shi juriya saboda tsaminsu, amma da zarar an sa sukari su ma kwanansu ƙidayayye ne.

Ga kuma matsalar wuta. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar, ba a maido ta ba sai cikin Maris na 2024. Ko a lokacin da babu irin wannan rikici, kowa ya san yadda kuran ke ɗaukewa a bazara. Gorar da ta daskare ta narke, ta sake daskarewa, idan ka taɓa ta sanyi ƙalau za ka ji, amma abin da ke ciki ya riga ya sha ɗumi na sa'o'i. Sanyin gora ba ya faɗin shekarunta.

Darasin Kano

Idan ba a manta ba, cikin watan Maris na 2021 aka fara kai mutane asibitocin Kano suna amai da jiri, wasu suna fitsarin jini. Da farko an rasa gane musabbabin abin, sai daga baya bincike ya nuna cewa daga lemon da ake haɗawa da gari ne. A watan Afrilu kwamishinan lafiya na jihar a wancan lokaci, Dakta Aminu Ibrahim Tsanyawa, ya bayyana cewa mutum 10 sun rasu, kimanin 400 kuma an kwantar da su. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna a Najeriya ta ce wasu daga cikin garin lemon ba su da rajista, sannan an gano wani sinadari mai guba, haidroksilamin, da aka sayar wa mutane a matsayin ɗan tsami.

Masu haɗa lemon nan ba su tashi da niyyar cutar da kowa ba. Farin gari suka saya, an ce masu ɗan tsami ne, suka zuba. Kano da nisa daga Dutsi, amma kayan Najeriya ba su da nisa da mu, domin iyakar tana nan gabas da mu, kuma kala da ɗanɗano da garin lemo da yawa ta can suke shigowa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Darasin da ke ciki shi ne, bai isa mutum ya san ranar da ya dafa ba, sai ya san kuma wurin wanda ya sayi kayan haɗin. Duk garin da aka ƙulla maku a leda babu suna babu rubutu, ku nemi a nuna maku buhun da aka ɗebo shi, idan an ƙi ku bar shi. Tsamiya da lemun tsami suna nan a kasuwa, kuma ba a taɓa rikita su da guba ba.

Domin a san girman abin, a ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, kimanin mutum miliyan 91 ne ke kamuwa da ciwo kowace shekara a Afirka saboda gurɓataccen abinci, 137,000 daga cikinsu suna rasa rayukansu. A nan gida kuma, kwalarar da aka yi a 2021 ta kama fiye da mutum 5,000, kuma jahar Doso tana cikin waɗanda abin ya shafa.

Shaida uku da kowa zai iya

Abin da muke ba da shawara ba ya buƙatar inji ko ɗab'i, kuma wadda ba ta yi karatu ba za ta iya.

Ta farko ita ce shaidar mai kaya. Wannan ba ta canzawa. Ki zaɓi alama guda, ko ɗigo biyu na jan farce a kafaɗar gora, ko harafin farko na sunanki da boko ko da ajami, a rubuta da alƙalamin nan da ba ya gogewa wanda ake rubutu da shi a kan buhu. Amfaninta babba ne ga waɗanda ke kai kaya shago ana sayar masu. Sau nawa aka yi cacar baki tsakanin mata biyu da mai shago a kan ko na wa aka sayar, ko na wa ya rage, ko na wa ne ya yi tsami? Da shaida a jiki, lissafi ya fita, zumunci ya tsira.

Ta biyu ita ce shaidar rana. Wannan kullum sabuwa ake yi. Takarda ba ta yi, domin da ta shiga ruwan ƙanƙara sai ta jiƙe ta faɗi. Hanya mafi sauƙi ita ce zare. A sayi zare kala bakwai, kowace rana da kalarta, misali Asabar fari, Lahadi baƙi, Litinin ja, Talata kore, Laraba shuɗi, Alhamis rawaya, Juma'a ruwan ƙasa. Ana gama cika gora a ɗaura mata zaren ranar a wuya. Idan an yi tukunya biyu a rana ɗaya, ta safe ƙulli ɗaya, ta marece ƙulli biyu. Idan gora ta dawo, a yanke tsohon zaren kafin a wanke ta. Wadda take da mai rubutu a gida tana iya manna ɗan salatif a kan marfi a rubuta kwanan wata, misali 12/4, domin marfi shi ne ake fara gani idan an buɗe kula. Kayan da za a daskarar su daɗe kuwa, dole kwanan wata za a rubuta, saboda kalar zare tana dawowa duk mako.

Ta uku ita ce kaye, wato littafin rubutu. Layi ɗaya a rana ya isa: ga ranar, ga abin da aka dafa, ga yawan goruna, ga wurin wanda aka sayi sukari da zoɓo ko aya, ga inda aka ɗebo ruwa, ga wanda ya fita da tallar. Ɗan lakwal na gida zai rubuta wannan cikin minti 2 kafin ya tafi makaranta.

Sai kuma doka ɗaya da za ta riƙe duka ukun: wanda ya riga shiga firigo shi zai riga fita. Sabo a baya ko a ƙasa, tsoho a gaba ko a sama. A koya wa yara masu talla kalolin, a ce masu idan mai saye ya tambaya su faɗi gaskiya.

Bari mu yi lissafi

Mun san abin da wasu za su ce, wai riba nawa ce a cikin gorar dala ashirin har da za a ƙara mata ɗawainiya. To bari mu ɗauki misalin firigo mai goruna 60, na kwana uku, kowace rana 20, kowace gora dala ashirin. Kuɗin kayan gaba ɗaya jikka 6 ke nan. Aka kawo ƙorafi cewa wani ya sha ya yi ciwon ciki. Idan akwai zare, sai a tambayi kalar da ke wuyan gorar da ya sha, a fitar da na wannan ranar a zubar, asarar ba za ta wuce jikka 2 ba. Idan babu, hanya biyu ce ta rage: ko a zubar da na jikka 6, ko a rufe ido a ci gaba da sayarwa, a ɗauki alhakin ƴaƴan mutane. Zaren da zai raba ki da wannan zaɓi, nawa yake?

Bayan haka akwai abin da ya fi jikka 6 tsada, wato suna. A garuruwa irin namu labari ba ya kwana. Da an ce zoɓon gidan wance ya kwantar da yaro, ko makarantar da ake kai talla ƙofarta sai ta hana. Wani lokacin ma ba na gidan wance ba ne, na wata ce daban, amma da yake gorunan duka iri ɗaya ne, babu yadda za ta wanke kanta. Shaida tana kama mai laifi, tana kuma kuɓutar da wadda ba ta ji ba ba ta gani ba.

Gorar kanta daga ina ta fito?

Mafi yawan gorunan da ake zuba waɗannan abubuwa ba sababbi ba ne, yara ne ke tsinto su su sayar. Wasu daga gidajen biki, wasu daga tasha, wasu daga bola, wasu ma daga bakin likita. A yankin da ake noman rani kamar namu, inda lambunan dankalin Dutsi suka yi suna, ba abin mamaki ba ne a auna wa manomi maganin ƙwari a gorar ruwa, haka kuma ƴan ruwa-ruwa suna zuba man fetur a duk abin da suka samu. Gorar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko mai ba ta wankuwa, komai sabulun da aka sa mata, a huda ta a jefar don kada wani ya sake tsinta. Sauran kuma a wanke su ciki da waje da sabulu, har da marfi da zaren bakin gora inda datti ke maƙalewa, a ɗauraye da ruwa mai tsabta wanda aka ɗiga wa jabel gwargwadon yadda ma'aikatan tsabta na likita suke nunawa, a kife su su tsane. Kada a zuba masu tafasasshen ruwa, robar narkewa take yi ta lanƙwashe.

A nan ma shaidar mai kaya tana da rana. Idan kina karɓar gorunanki daga shaguna da abokan ciniki na kullum, kin san abin da aka zuba a cikinsu tun farko, kin rage sayen na bola.

Kira ga ƙungiyoyi da hukuma

Tun 1991 da aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi, mata sun nuna cewa idan suka zauna suka yanke magana suna riƙe ta. Muna kira ga irin waɗannan ƙungiyoyi a Dutsi da Tibiri da Dumega da Kiyeshe da Dankasari, su sa wannan batu cikin zamansu na mako, su daidaita a kan kalolin ranaku guda bakwai. Idan gari ɗaya ya yarda cewa jan zare Litinin ne, to direba da ɗan kasuwa da malamin makaranta duk za su haddace, mai saye da kansa zai duba wuyan gora kafin ya miƙa kuɗi.

Ga wadda sana'arta ta yi ƙarfi har tana son kai kaya manyan shaguna ko wajen baje koli, a Yamai akwai hukumar ANMC mai kula da ƙa'idojin ingancin kaya, akwai kuma ɗakin binciken LANSPEX inda ake auna abinci da ruwa. Tambayoyin farko da za a yi mata a irin waɗannan wurare su ne yaushe aka yi, da me aka yi, wane rukuni ne. Wadda ta saba da zare da kaye tana da amsa a hannu.

Hukumomin gari da jami'an tsabta kuwa, roƙonmu gare su shi ne su fara da koyarwa kafin tara. Matan nan da guminsu suke ci, kuma idan aka nuna masu hanya za su bi.

Mu ma masu saye da namu aikin. Idan gora ta kumbura, ko ta yi tsaki, ko kumfa ya taso, ko kunu ya fara yauƙi, kada a sha, kada kuma a miƙa wa yaro don ana jin zafin dala ashirin. A mayar wa mai kaya cikin mutunci, a faɗa mata a ɓoye, ba a tsakiyar kasuwa ba.

Ita kuwa baiwar Allah da muka ba ku labarinta a farko, mun sake bi ta ƙofar gidanta bayan mako biyu. Mun tarar da ƴarta zaune a zaure tana ɗaura wa goruna zare ruwan ƙasa, domin ranar Juma'a ce. Muka sayi uku, duka ukun muka shanye.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ba mu halal, Ya tsare mu da ɗaukar alhakin wani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.